Dalilin Aikin Tauraro a Mizanin Masu Kallo: Nazarin Taƙaddamar Fim ɗin Star Wars: The Last Jedi

Tsakure

Wannan muƙala ta dubi taƙaddamar da ta ɓarke tsakanin masoyan finafinan Star Wars bayan fitowar The Last Jedi a shekarar 2017. An ɗora nazarin a kan ra'ayoyin Aristotle da E. M. Forster game da tauraro, aka auna zargi biyu da aka yi wa rubutun fim ɗin. An gano cewa zargin da ya fi tayar da ƙura, wato na sauya halin Luke Skywalker, shi ne mafi rauni, yayin da zargin da ya shafi Holdo ke da tushe a cikin zubin labarin.

1.0 Gabatarwa

Mai kallon fim ɗin ƙagaggen labarin kimiyya yakan yarda da jirgin da ya fi haske gudu da takobin da aka ƙera da haske, ba tare da ya nemi hujja ba. Amma da zarar tauraro ya aikata abin da bai ga dalilinsa ba, sai ya ce marubuci ya gaza. Tunda duniyar labarin baƙuwa ce, halin ɗan Adam shi ne igiyar da mai kallo ke riƙewa.

The Last Jedi, wanda Rian Johnson ya rubuta kuma ya ba da umarni, ya fito a watan Disambar 2017, ya kuma tara sama da dala biliyan 1.3. A shafin Rotten Tomatoes sama da kashi 90 cikin ɗari na masu sharhi sun yabe shi, amma makin masu kallo bai kai kashi 50 ba. Wani ɓangare na hayaniyar cin zarafi ne tsagwaronsa, kamar wanda ya sa 'yar wasa Kelly Marie Tran ta goge abin da ta wallafa a Instagram a 2018. Wannan ba ya cikin farfajiyar nazarin. Abin da aka kula da shi shi ne sukar da ta kafa hujja da labarin.

2.0 Ma'aunin Nazari

A littafinsa na Poetics, Aristotle ya sharɗanta cewa halin tauraro ya kasance mai ɗorewa, kuma abin da zai faɗa ko ya aikata ya taso daga larura ko yiwuwa. Shi kuwa Forster, a Aspects of the Novel (1927), ya raba taurari gida biyu, waɗanda manazarta adabin Hausa ke kira miƙaƙƙen tauraro da tauraro mai gammo. Na farko halinsa ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe. Na biyu yana iya ba da mamaki, amma mamakin da hankali zai karɓa. Daga nan aka fitar da tambayoyi biyu: shin labarin ya bayyana dalilin aikin? Shin dalilin ya dace da abin da aka riga aka sani game da tauraron?

3.0 Luke Skywalker: Dalilin da Aka Ƙi

Hujjar masu suka ita ce: a Return of the Jedi (1983) Luke ya ƙi kashe mahaifinsa, Darth Vader, domin ya yi imani akwai sauran alheri a zuciyarsa. Ta yaya wannan mutum zai zare takobi a kan Ben Solo, almajirinsa kuma ɗan 'yar'uwarsa Leia, yana barci, sannan ya gudu tsibiri ya bar duniya cikin yaƙi? Har Mark Hamill, wanda ya fito a matsayin Luke, ya bayyana cewa da farko bai yarda da yadda aka rubuta tauraron ba, ko da yake daga baya ya nuna nadamar furta shakkunsa a bainar jama'a.

Idan aka koma ga matanin, za a ga abubuwa uku. Na farko, gudun Luke ba ƙirƙirar Johnson ba ce. Tun a The Force Awakens (2015) Han Solo ya bayyana cewa wani almajiri ya juya wa Luke baya, shi kuma ya ɗora wa kansa laifi ya ƙaurace. Aikin da ya rage wa Johnson shi ne samo laifin da nauyinsa ya kai ya kori irin wannan gwarzo.

Na biyu, an nuna daren sau uku ta hanyar kome-baya, salon da ake dangantawa da Rashomon (1950) na Akira Kurosawa. A ruwayar farko Luke ya ɓoye batun takobi. A ta biyu Ben ya nuna shi a matsayin mai niyyar kisa. A ta uku Luke ya amsa cewa ya leƙa zuciyar yaron, ya ga ɓarnar da ke tafe, ya kunna takobin na ɗan lokaci, nan take kunya ta rufe shi, amma yaron ya riga ya farka. Duk wanda ya yanke hukunci da ruwaya ta biyu, ya ɗauki shaidar mai ƙara ita kaɗai.

Na uku, halin ba sabo ba ne. A fim ɗin 1983, da Vader ya yi barazana ga Leia, Luke ya auka masa cikin fushi har ya sare masa hannu, kafin ya dawo hayyacinsa ya jefar da takobin. Zuciya ta fara ɗibarsa, sannan ya kame kansa: tsari ɗaya ne a finafinan biyu. Bambancin kawai shi ne a karo na biyu kamewar ta makara.

To me ya sa mutane da yawa ba su gamsu ba? Tsakanin 1983 da 2017 shekara 34 ce, kuma a cikinsu littattafai, musamman tun daga Heir to the Empire na Timothy Zahn (1991), sun ci gaba da gina Luke a matsayin jagoran da ba ya ja da baya. A 2014 kamfanin Lucasfilm, wanda Disney ya saya a 2012, ya cire waɗannan littattafai daga sahihin tarihin labarin, amma bai cire su daga zukatan makaranta ba. Haka kuma sukar na da gaskiya a wuri guda: faɗuwar Luke, wadda ita ce sauyi mafi girma a rayuwarsa, an ba ta 'yan mintuna ne cikin kome-baya. Dalilin na nan, sai dai ba a ba mai kallo lokacin da zai zauna da shi ba.

4.0 Holdo: Dalilin da Ba a Bayar Ba

Lamarin Holdo, wadda ta karɓi jagorancin rundunar 'yan gwagwarmaya bayan Leia ta ji rauni, daban yake. Tana da shirin kwashe mutane a ƙananan jirage zuwa duniyar Crait a asirce, amma ta ƙi sanar da matuƙin jirgi Poe Dameron. Fim ɗin ya ba da rabin dalili: an rage wa Poe girma saboda gangancinsa, ita kuma ba ta amince da shi ba. Wannan ya isa ya bayyana shirunta na farko. Bai isa ya bayyana shirunta bayan Poe ya yi mata tawaye da bindiga ba, lokacin da jimla ɗaya za ta kashe wutar. Masu kare fim ɗin sukan ce tana tsoron ɗan leƙen asiri, amma babu inda labarin ya faɗi haka. Sakamakon shirun shi ne aika Finn da Rose neman mai fasa lambobin sirri, wanda ya ci amanarsu, aka harbo mafi yawan jiragen. A nan buƙatar marubuci ta yi wa mai kallo ba-zata ce ta tuƙa tauraruwar, maimakon halinta ya tuƙa labarin, kuma wannan shi ne abin da sharaɗin Aristotle ya hana.

5.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa idan masu kallo suka ce rubutu bai yi kyau ba, abu biyu mabambanta suke nufi: dalilin da marubuci bai bayar ba, da dalilin da ya bayar amma aka ƙi karɓa. Na farko aibi ne na zubi, ana iya nuna shi a matani. Na biyu shaida ce kan mai kallo da tarihin alaƙarsa da tauraron. Yawancin nazarin taurari a ƙagaggun labarai da finafinai yakan tsaya ga jera halaye, a ce wane jarumi ne, wance mai haƙuri ce. Taƙaddamar The Last Jedi na nuna amfanin ƙara mataki guda: a kowane babban aiki na tauraro, manazarci ya nemo inda aka shuka dalilinsa, ya kuma auna ko lokacin da aka ba shi ya isa ya tsiro.