Agogon Jiki da Aikin Dare a Asibiti

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwansa a asibiti a Daura cikin watan Agusta ko Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke ƙamari, ya ga yadda ma'aikatan jinya ke kwana a tsaye. Shin me wannan yake yi wa jikinsu?

A cikin ƙwaƙwalwa akwai agogo mai zagayen sa'o'i 24. Idan duhu ya yi, jiki kan saki sinadarin melatonin mai jawo barci. Da asuba kuwa sai sinadarin kotisol, wanda ake sarrafawa a saman ƙoda, ya ƙaru domin mutum ya wartsake. Masana uku 'yan Amurka sun sami kyautar Nobel a 2017 saboda bayyana yadda ƙwayoyin gado ke tafiyar da agogon nan. Aikin dare a jere kan rikita shi: natsuwa ta ragu, kuskure wajen auna magani ya yawaita, haɗarin hawan jini da ciwon sukari ya ƙaru.

Makarantar Fasahar Kiwon Lafiya ta Daura tana yaye ma'aikata, amma in gajiya ta sa suka bar aikin, an yi ɗiban ruwa da kwando. Wajibi ne hukumomi su ɗauki isassun ma'aikata, su kuma ba da hutu bayan kwanakin aikin dare. Ɗalibi mai burin wannan aiki ya sani cewa barcin ma'aikaci kariya ce ga majinyaci.