Yadda Ake Bin Diddigin Illa a Manhajar Zane da Injin Sassaƙa Mai Kwamfuta

Tun shekarar 1952, lokacin da masana a cibiyar MIT ta ƙasar Amurka suka nuna injin da ke sassaƙa ƙarfe bisa umurnin lambobi, har zuwa yau da jikokin wannan inji suka shigo rumfunan kafintoci da masu allon talla a biranenmu, ɗabi'arsa ba ta sauya ba: abin da aka gaya masa shi yake aikatawa, ba ƙari ba ragi, ko da abin da aka gaya masa ɗin kuskure ne tsagwaronsa. Saboda haka idan katako ya lalace ko haƙorin yanka ya karye, bai kamata mai sana'a ya yi gaggawar tuhumar inji ba, domin umurnin da ya isa gare shi ya ratso hannaye huɗu: zane, da hanyar haƙori, da manhajar da ke mayar da hanyar zuwa harshen inji, sa'an nan injin kansa. Kamar yadda malaman Hadisi ke bin isnadi, mai ruwaya bayan mai ruwaya, har su tsaya a kan wanda illa ta shigo ta hannunsa, haka ya wajaba ka bi waɗannan huɗun bisa tartibi.

Mataki na farko: ka siffanta illar

Da zarar ka ga aiki ya karkace, tsayar da inji, kada ka goge kome, kada kuma ka kwance katakon daga mazauninsa. Rubuta lambar layin da aka tsaya a kai, da lambar gargaɗin da allo ya nuna, sa'an nan ka tambayi kanka abin da ya sauya tun aikin ƙarshe da ya fita lafiya, ko haƙori ne, ko manhaja aka sabunta, ko wani ya taɓa saiti. Bayan haka ɗauko tsohon fayil wanda ka tabbatar da ingancinsa ka gwada shi a kan guntun katako. In ya fita daidai, to inji ya kuɓuta daga zargi, sai bincike ya koma cikin kwamfuta.

Mataki na biyu: zane

Fara da ma'auni, domin nan ne kuskure ya fi yawaita. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, saboda haka duk zanen da ya buɗe ya ƙanƙance ko ya kumbura da gwargwadon wannan adadi, to an zana shi da ma'auni ɗaya an karanta shi da wani. Fayil na STL ba ya ɗauke da bayanin ma'auni ko kaɗan, kuma ƙananan alwatika ne aka jera a cikinsa, shi ya sa ga abu mai jiki wanda ake so ya fita sumul, fayil na STEP ya fi dacewa.

Sa'an nan ka duba layuka. Siffar da ido ke gani a rufe tana iya kasancewa da 'yar ɓaraka wadda ba ta kai kaurin gashi ba, manhajar hanyar haƙori kuwa ba za ta yarda ta kewaye abin da bai rufu ba. A AutoCAD, umurnin JOIN yana haɗa layuka, OVERKILL yana share waɗanda suka hau kan juna, waɗanda su ne ke sa inji ya yanki wuri ɗaya sau biyu, AUDIT yana gyara fayil da ya gurɓata, RECOVER kuma yana ceto wanda ya ƙi buɗewa. Idan wata manhaja ta ƙi karɓar fayil na DXF, adana shi a tsohon salo, kamar R12 ko 2000, ka kuma mayar da rubutu ya zama layuka kafin ka tura.

Mataki na uku: hanyar haƙori

Ko Mastercam kake amfani da ita, ko Fusion 360, ko Aspire, manhajar ba ta ganin haƙorin da ka ɗaura, abin da ka rubuta mata kawai ta sani. Auna kaurin haƙori da ma'aunin baniya ka gwama da abin da ke cikin saiti, ka kuma tabbatar da gefen da za a yanka. Domin haƙori mai kaurin milimita 6, in ya bi kan layi maimakon cikinsa, rami zai ƙaru da milimita 6, in kuwa ya bi ta waje, ƙarin ya zama 12. Ka tuna har ila yau cewa haƙori zagayayye ne, ba ya iya fitar da kusurwar ciki mai tsini, kuma tsayin da yake tashi tsakanin yanka da yanka lalle ne ya wuce ƙarafan da suka danne katako.

Game da saurin tafiya, akwai hisabi mai sauƙi: juyin haƙori a minti, a ninka da yawan bakinsa, a ninka da kaurin da kowane baki zai ɗiba. Misali, juyi 18,000 da baki 2 da ɗiban milimita 0.1 sun ba da milimita 3,600 a minti. Idan katako yana ƙonewa yana fitar da gari mai laushi, tafiya ta yi jinkiri bisa ga juyi, haƙori yana guga ne ba yanka ba. Idan kuwa yana kuka yana karkarwa har ya karye, to tafiya ta yi sauri ko zurfi ya yi yawa. Kada ka fita daga wannan mataki sai ka kalli gwajin da manhaja ke nunawa a allo daga farkonsa har ƙarshensa.

Mataki na huɗu: fos da lambobin G

Ƙaramar manhajar da masu sana'a ke kira fos ita ce ke rubuta umurni da lambobin G, kuma kowane mai sarrafa inji, Fanuc ne ko Haas ko Mach3 ko GRBL, yana da ƙa'idojin da ya keɓanta da su, har abin da ya halatta ga wannan yana iya zama haramun ga wancan. Buɗe fayil ɗin a Notepad ka karanta layuka ashirin na farko da natsuwa. G21 milimita ne, G20 inci. G90 awo ne daga sifiri ɗaya tabbatacce, G91 kuwa daga inda haƙori ya tsaya. G54 shi ne sifirin aiki na farko. Idan ƙananan lanƙwasa na G02 da G03 suka rikiɗe suka zama manyan da'irori, to fos da inji sun saɓa a kan yadda ake karanta I da J, kuma a Mach3 akwai saitin da ke daidaita wannan. Yawancin injinan Fanuc suna karanta X10 marar ɗigo a matsayin milimita 0.010, saboda haka a rubuta X10. da ɗigonsa. GRBL kuma ba ta san G41 da G42 da G81 ba, in ta gamu da su sai ta nuna kuskure mai lamba 20. Maganin duk wannan shi ne zaɓen fos da ya dace da injinka, ba gyaran layuka da hannu kullum ba.

Mataki na biyar: inji

Mayar da inji gida tukuna, sa'an nan ka sake ɗaukar sifiri, kana mai tabbatar da cewa kusurwar da ka zaɓa a katako ita ce wadda ka zaɓa a kwamfuta, kuma sifirin tsayi a saman katako yake ko a kan tebur kamar yadda ka ƙayyade. Ɗaga haƙori milimita 50 ka bar shi ya yi tafiyarsa a iska, layi bayan layi, da ragaggen sauri, hannunka yana kusa da jan maɓallin tsayar da inji kuma nesa da haƙori. Daga nan yanki murabba'i mai milimita 100 da wani mai 200 ka auna su, domin awon zai faɗa maka gaskiya. In kuskure ya ninka tare da girma, lissafin takun inji ne ke bukatar gyara. In kuskuren ɗaya ne a duka biyun, kaurin haƙori ne ko lako-lakon sukuru. In kuwa aiki yana zamewa sannu a hankali yana barin wurinsa, injinan da ke tura haƙori suna zubar da taku, sai a duba bel da mahaɗai da ƙurar da ta daskare a kan dogo.

Mataki na shida: kwamfuta da wuta

A ƙasarmu, inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa kuma ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, wannan babi yana da nauyi. Sa wa kwamfuta UPS, ka ƙulla wa inji wayar ƙasa ta gaskiya, ka nisanta wayar USB daga wayar da ke kai wuta ga mai juya haƙori, ka kuma hana Windows yin barci a tsakiyar aiki. Manhajar da ke daskarewa ko rufe kanta, galibi direban katin hoto ne ke bukatar sabuntawa. In zane ya salwanta a AutoCAD, nemi fayil mai ƙarshen .bak ka mayar da shi .dwg. Ka guji manhajar sata, domin ban da haƙƙin masu ita, ba ka da tabbacin abin da aka taɓa a cikinta.

Mataki na bakwai: sauyi ɗaya, rubutu ɗaya

Sharaɗin da ke riƙe da dukan matakan nan shi ne kada ka sauya abu biyu a lokaci guda, domin wanda ya sauya haƙori da sauri da fos gaba ɗaya, ko aiki ya gyaru bai san dalili ba, kuma ranar da illar ta dawo zai fara ne daga farko. Ajiye littafi kusa da inji, ka riƙa rubuta alamar illa da sababinta da maganinta, ka kuma ajiye kwafin saitin inji a wuri biyu. Idan ya zama dole ka nemi taimakon wanda ya fi ka sani, kai masa zanen da fayil na lambobin G da sunan fos da lambar gargaɗi, domin ya yi hukunci bisa hujja. Kuma ka koya wa yaran shagonka wannan tartibi tun suna masu share ƙura, domin katakon mai aiki amana ne a hannunka, su ne kuma za su riƙe ta ranar da ba ka nan. Allah ya sa albarka a sana'a.