Darasi: Yadda ake haɗa akwatin wifi da na'urar tauraron ɗan adam

 

Nan Ɗan Isa, bisa hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, kowa ya san wahalar rezo. Cikin gari waya tana kamawa, amma a ƙauyukan daji sai mutum ya hau tudu kafin ya aika saƙo. Shi ya sa wasu ƙungiyoyin manoma suke haɗa kuɗi su sayi farantin tauraron ɗan adam. Kamfanin Starlink ya fara aiki a Najeriya a 2023, a ƙasarmu Nijar kuma a watan Maris na 2025. Da intanet manomi yana jin farashin hatsi da wake kafin ya ɗora buhu bisa amalanke. Yana jin labarin ruwan sama. Yana ɗaukar hoton tsutsar da ke cin gonarsa ya aika wa malamin gona. Ƙungiyar RECA ma tana aika gargaɗi da Hausa ta WhatsApp.

Amma kaya ba ya aiki sai an haɗa shi daidai. Na je wani ƙauye inda ƙungiya ta biya kuɗin wata, ta kwana shida babu intanet. Har an fara zargin ma'aji. Da na duba, waya ce guda aka soka a ramin da ba nata ba.

Kaya uku da aikin kowanensu

Wanda ya taɓa ganin noman rani a Jiratawa zai gane wannan da sauri. Akwai rijiya, akwai injin da ke jawo ruwa, akwai hanyoyin da ke raba shi fangali fangali.

Faranti shi ne rijiya. Shi ke karɓar saƙo daga taurarin da ke yawo a sama. Na Starlink suna nisan wajen kilomita 550 daga ƙasa.

Modam shi ne inji. Shi ke juya saƙon ya zama intanet. A kayan Starlink wannan aikin cikin farantin ake yinsa, sai waya ta kawo shi ga akwatin da ya zo tare da shi. Wannan akwatin za mu kira akwatin farko.

Rutar, wato akwatin rabo, shi ke watsa wifi ga wayoyin mutane. Ana ƙara shi in modam ba ya ba da wifi, ko in wifin bai kai magaza ko ajin yaƙi da jahilci ba.

Wurin kafa faranti

Faranti yana son sarari, kada ice ko bango su tare masa sama. Ku yi hattara da gawo. Da damina ba shi da ganye, sai ka ce wurin fili ne. Rani na shigowa ya tofo, ya rufe sama, intanet ya riƙa yankewa. A ɗaure faranti tam saboda iskar farkon damina.

Yadda ake haɗawa

1. A kashe akwatunan biyu, a cire su daga wuta.

2. A samo wayar intanet mai kai irin na wayar tarho, amma ya fi faɗi. Kada tsawonta ya wuce mita 100. Wasu tsofaffin akwatunan Starlink ba su da ramin wannan waya, sai an sayi ɗan mahaɗi dabam.

3. A soka kai guda a bayan akwatin farko.

4. A juya bayan akwatin rabo. Za ku ga ramuka jere. Guda yana ware, sau da yawa launinsa dabam, an rubuta WAN ko Internet. Nan ne ƙofar shigar ruwa. Sauran, masu rubutun LAN, ƙofofin fita ne. A soka ɗaya kan wayar cikin WAN, har a ji ta yi ƙas.

5. A kunna akwatin farko shi kaɗai. A ba shi minti biyar ya samu tauraro.

6. Sannan a kunna akwatin rabo. Ba a buɗe hanyar ruwa kafin inji ya tashi.

7. A duba takardar da ke manne a gindin akwatin rabo. Akwai sunan wifi da lambar sirri. A nemi sunan cikin wayar salula, a rubuta lambar.

In an kama wifi amma babu intanet

Da farko a duba waya: tana cikin WAN? Ɓera ko gara ba su taɓa ta ba?

In waya lafiya take, wataƙila akwatunan biyu suna da adireshi guda. Akwatin Starlink yana amfani da 192.168.1.1, akwatunan rabo da yawa ma haka suke fitowa daga kanti. Kamar mutum biyu ne masu suna Abdu a gida guda: in an kira, ba a san mai amsawa ba. Magani shi ne a raba akwatunan, a shiga cikin na rabo da wayar salula ta wannan adireshi, a mai da shi 192.168.2.1, a sake haɗawa. A nan a nemi yaron da ya yi lakwal ya taimaka, don rubutun da Faransanci ne ko Turanci.

In hadari ya yi nauyi intanet yakan yi rauni. Wannan ba lalacewa ba ce. A yi haƙuri ruwa ya wuce.

Kula da kaya

A ɗora akwatin rabo sama, a tsakiyar gida, cikin inuwa. Katangar laka mai kauri da rufin kwano suna rage ƙarfin wifi. A riƙa share ƙura da tsumma busasshe, balle lokacin hunturu. Kada a rufe akwati da zane, zafi na kashe shi. In ana tsawa, a cire kaya daga wuta.

Mai aiki da hasken rana ya yi lissafi. Babban farantin Starlink yana cin wat 75 zuwa 100, ƙaramin 25 zuwa 40. In batir ƙarami ne, a kashe da dare.

Kulle rumbu

Rumbun da ba shi da ƙofa na kowa ne. A canza lambar sirrin da ta zo da akwati, a sa wadda ta kai harafi takwas ko fiye, haruffa gauraye da lambobi. Kada a sa sunan gari ko na shugaban ƙungiya. In mutane suka yi yawa suna kallon fim, mai neman farashin gero ba zai samu hanya ba. Ƙungiya ta zaɓi mutum biyu amintattu su riƙe lambar, a rubuta cikin littafi wanda ya biya kuɗin wata.

Tambayoyi don tattaunawa

1. A wane rami ake soka waya a bayan akwatin rabo?
2. Wane akwati ake fara kunnawa?
3. Don me ba a kafa faranti kusa da gawo?

Ku tattauna a ƙungiyarku, ku aiko da amsa gidan rediyo. Allah ya ba mu damina mai albarka.