Ungulu da Jan Baki: Darasi ga Hakimai da Malamansu

A ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo akwai tsuntsaye biyu da ya kamata Hakimi ya san bambancinsu, gama ɗaya ya yi wa manoma yawa, ɗaya kuwa yana neman ƙarewa.

Jan baki ba ya bukatar gabatarwa ga wanda ya taɓa tsaron shinkafa a fadamar Gulbin Rima. Masana sun ƙiyasta yawansa a Afirka ya kai miliyan 1,500. Asalin abincinsa 'ya'yan ciyawa ne, in sun yi wuya sai ya afka wa shinkafa da gero da dawa. Macen kan yi ƙwai uku, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 10, kafin mako uku 'ya'yan sun tashi. Shi ya sa ko an yi masa feshi da jirgin sama, baɗi sai ga shi ya komo. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo a 1984 noman rani ya ƙaru, watau ya sami abinci har da rani.

Ungulu kuwa ƙwai ɗaya tak ta kan yi a shekara, can bisa doguwar itaciya. Ta kan kwanta kansa wajen kwana 50, ɗan kuma sai ya yi wata uku ko fiye kafin ya iya tashi. To, wanda ya kashe ungulu goma ya yi ɓarnar da za a daɗe ba a mayar ba. Ga masu sa guba a mushe, ga masu sayar da kanta don magani, ga saran manyan itatuwa. A 2015 ƙungiyar duniya mai kula da halittu, IUCN, ta sa ta cikin waɗanda su ke dab da ƙarewa. Dattawa sun san lokacin da ba a yanka a mahauta sai ta sauka.

Mutane suna ƙyamarta, amma ba ta taɓa cin hatsin kowa ba. Aikinta kwashe mushe, wanda in ba ita sai ya ruɓe, karnuka da ƙudaje su taru kansa kusa da gidaje.

Saboda haka lalle Hakimai su umurci Dagatai su hana sa guba a mushe, su kuma hana saran itacen da ungulu ta yi sheƙa. Malamin Hakimi ya riƙa tambayar Sarkin Pawa ran kasuwa ungulu nawa suka sauka, ya rubuta. Wurin kwanan jan baki kuwa, a sanar da malamin gona tun shinkafa ba ta fid da kai ba.