Idan hajijiya ta kama ka cikin kasuwa

Ɗan'uwa manomi, ranar kasuwa rana ce mai tsawo. Ka fito tun da asuba da buhun wake bisa jaki, ba ka sha komi ba sai ragowar fura. Ga bazara: a watan Afrilu da Mayu zafi yakan kai digiri 45 a Tawa da Damagaram. Wataƙila kuma masassara ko zawo sun kwana biyu a jikinka. Kana tsaye kana ciniki, sai ka ji ƙasa tana juyawa, idanu sun yi duhu, zufa mai sanyi ta keto. Wannan ita ce hajijiya, wasu su ce juwa. Kuma ba naka kusa. Me za ka yi?

Mafi yawan lokaci jini ne bai isa kai sosai ba, saboda ƙishirwa, yunwa, doguwar tsayuwa ko miƙewa da gaggawa. Kai yana sama, jini ya taru a ƙafafu. To, ka sauko da kan ƙasa. Ka zauna nan take inda kake, ka sa kai tsakanin gwiwoyi. In da wuri, ka kwanta rigingine ka ɗora ƙafafu bisa buhu. Mace mai ciki ta kwanta ta gefen hagu.

Kada ka ce bari in daure in kai inuwar can. A wannan tafiyar ce ake faɗuwa, kuma faɗuwar ta fi hajijiyar lahani. In kana bisa amalanke ko babur, ka tsaya ka sauka. In kana bakin rijiya, ka saki guga ka ja baya ka zauna. Guga ana samun wani.

Mutane da yawa kunya ke hana su zama a ƙasa gaban jama'a. Ƙurar riga dai wanki ke fid da ita. Ka dubi mai rumfar da ke kusa ka ce: "Baba, don Allah hajijiya nake ji, ka tsaya kusa da ni, a ba ni ruwa." Ka faɗa masa sunanka da garinku tun bakinka yana iya magana. Kai da ka gama yaƙi da jahilci, ka rubuta su a ƴar takarda, tare da lambar wayar wani naka, ta zauna kullum cikin aljihu.

In idanunka sun washe, ka sha ruwa kaɗan-kaɗan, ka ci dabino ko ka sha kunu. In zawo kake yi, a haɗa maka ruwan gishiri da sukari: litar ruwa 1 mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya suma ba a ɗura masa komi a baki, sai ya shaƙe. Ka huta kamar minti 15. Ka fara zama tukuna, sannan ka miƙe a hankali kana dafe da wani abu. Kada ka sayi ƙwayoyin masu talla don "ƙarfi". Gida kuma, ka bi ƴan garinku.

Amma akwai hajijiyar da hutu ba ya yi mata magani. In baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji yana ciwo, ko kana zubar jini, ko jiki ya yi zafi rau hankali yana gushewa, a kai ka likita yanzu, ba gobe ba. Haka nan in ka yi feshin maganin ƙwari a gonar wake, hajijiya ta zo da dalalar miyau da amai: ka tuɓe rigar, ka wanke jiki da sabulu, a tafi da kai tare da kwalbar maganin, don lokotoro ya karanta abin da ke rubuce a jikinta.

In hajijiya tana yawan dawo maka, ka je a auna jininka. Ƙarancin jini da hawan jini duka ana gane su a likita.