Amsar Tambaya: Yaya Shekara 10 Ta Zama 14 a Takardar Ƙidaya?

Wata mai karatu da ke aure a Ingila ta rubuto tana neman bayani. Tana bin salsalar dangin mijinta, sai ta tarar da kakan kakanninsu yana da shekara 35 a ƙidayar 1841, amma 49 a ta 1851. Shin mutum biyu ne masu suna ɗaya?

Da wuya. A 1841 an umarci malaman ƙidaya su rage shekarun duk wanda ya haura 15 zuwa biyar-biyar: ɗan 39 ya koma 35, ɗan 24 ya koma 20. Sai a 1851 aka nemi ainihin shekaru, don haka lissafinta ya fita daidai.

Ƙidayar 1841 ba ta faɗin dangantakar mutanen gida, ba ta kuma ambaton garin haihuwa. Tana dai tambayar ko an haifi mutum a gundumar da aka ƙidaya shi, e ko a'a. Duk wanda ya kwana a gidan daren 6 ga Yuni an rubuta shi, ko baƙo ko ɗan haya. Kada baiwar Allah ta yi gaggawar mai da kowane yaro ɗan maigida. Sunaye ma sukan sauya, domin da yawa ba su iya rubutu ba, malami ya rubuta abin da kunnensa ya ji.

Gara ta riƙe ta 1851, ta ɗauki garin haihuwar, ta nemi rajistar baftisma ta cocin yankin wajen 1802, tunda rajistar haihuwa ta gwamnati sai a Yulin 1837 ta soma.