DARASI: RUWA AMANA NE A HANNUN UWARGIDA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah (SWT) da Ya saukar mana da ruwa daga sama, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Darasinmu na wannan fitowa a kan ruwa yake: me ya sa yake ƙaranci, me ke gurɓata shi, wace illa gurɓataccen ruwa ke yi wa iyali, sannan mene ne namu a ciki. Za mu ɗauki misali da ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi a tsakiyar Jihar Katsina, amma abin da za a faɗa ya shafi kusan duk ƙasar Hausa. Mace ce ke girki, wanki, wanke-wanke da wankan yara, ita ke cika randa. Don haka in ruwa ya yi wuya ita ce farkon shan wahala, in ya gurɓace kuma ita ce mai kwana a zaune da yaro a cinya.

MATSAYIN RUWA A MUSULUNCI

A Suratul Anbiya aya ta 30, Allah (SWT) Ya sanar da mu cewa daga ruwa Ya halicci duk wani abu mai rai. Anas bin Malik (RA) ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yakan yi alwala da mudu ɗaya, wato cikin tafin hannu biyu, ya yi wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Ki gwada wannan da butar da muke ƙararwa a alwala guda. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, Abu Dawuda kuma ya ruwaito gargaɗinsa a kan yin bayan gida a mashayar ruwa, a kan hanya, da inuwar da mutane ke zama.

ME KE KAWO ƘARANCIN RUWA?

1. Gajeruwar damina. Ruwan sama a wannan yanki daga wajen watan Yuni ne zuwa Satumba, sauran watanni sai abin da ƙasa ta riƙe. Iyayenmu ba su manta farin shekarun 1972 zuwa 1974 ba, da wanda ya biyo baya a 1983 da 1984.

2. Yanayin ƙasa. Ƙarƙashin ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi fa ne mai tauri. Ruwa ba ya zama cikin dutse sai a tsagoginsa da ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa. Shi ya sa za a haƙa rijiya a gida ɗaya a samu ruwa, maƙwabci ya haƙa ya tarar da fa, kuma rijiyoyi da yawa ke ƙafewa daga watan Maris zuwa faɗuwar ruwa.

3. Sare itatuwa. In babu itace da ciyawa, ruwan sama ba ya tsayawa ya nutse cikin ƙasa, sai ya gudu yana kwasar yashi yana zubawa a rafuka da madatsai, su cike, ruwan da suke riƙewa ya ragu.

4. Ƙaruwar jama'a. Garin Dutsin-Ma ya ƙara cika tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011, ga kuma waɗanda rashin tsaro ya taso daga ƙauyukansu suka dawo gari.

5. Rashin kula da kayan jama'a. Famfon tuƙa-tuƙa ya lalace saboda ƙaramin ƙarfe, a bar shi shekara ana jiran gwamnati.

Abin lura shi ne, babbar Madatsar Zobe tana nan kusa da Dutsin-Ma a kan kogin Karaɗuwa, an kammala ta tun 1983, amma sai a watan Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin tace ruwanta, mai ƙarfin lita miliyan 50 a kullum. Kusan shekara 38 ke nan. Kuma ƙauyen da bututu bai kai ba, rijiya da rafi da 'yan ga-ruwa ne dai madogararsa.

ME KE GURƁATA RUWA?

Na farko kuma mafi haɗari shi ne bayan gida. Abin da aka yi a bayan gari ko bakin rafi, ruwan farko na damina ne ke wanke shi zuwa tafki da rijiyar da ba ta da baki. Haka shaddar da aka haƙa kusa da rijiya, tana tsiyaya ta ƙarƙashin ƙasa ba wanda ya gani. Masana lafiya sun ce a bar aƙalla mita 30 tsakaninsu.

Na biyu, dabbobi. In shanu da mutane suna shan tafki ɗaya, kashinsu da fitsarinsu a ciki suke ƙarewa.

Na uku, takin zamani da maganin feshi na masu noman rani a bakin madatsa. Mafi muni shi ne a wanke jarkar maganin feshi a mayar da ita ta ɗibar ruwa ko zuba man gyaɗa. 'Yar'uwa, wannan guba ba ya fita da wanki, ko da omo ne.

Na huɗu, bola, leda, tsohon batir da ruwan kwata da ke gangarawa rafi.

Na biyar yana cikin ɗakunanmu. Sau da yawa ruwa na fitowa daga burtsatse da tsabtarsa, a gida yake lalacewa: guga a yashe a ƙasa kaji na bi ta kai, randa a buɗe, moɗa ɗaya kowa ya sha ya sake tsomawa, yaro ya fito daga bayi ya zura hannu.

A nan akwai wani abu da ya kamata mu fahimta. A Ahalari da Ishmawi mun karanta cewa ruwan tsarki shi ne wanda launinsa, ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai canja ba. Wannan hukuncin alwala da wanka ne. Amma ƙwayar cutar kwalara ba ta da launi ko wari, ido ba ya ganinta. Ruwa zai iya zama garau, alwala ta inganta da shi, amma a sha a kwanta. Kada mu haɗa biyun.

ILLOLINSA

Amai da gudawa, wato kwalara, na iya kashe babban mutum cikin sa'o'i saboda ƙarewar ruwan jiki. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, sama da 3,600 suka rasu, kuma Katsina na cikin jihohin da abin ya fi taɓawa. Akwai zazzaɓin taifot, akwai gudawar yara da ke tsotse su har su rame su kasa girma. Akwai tsargiya, fitsarin jini da yara ke ɗauka wurin wanka a tafki da madatsa. Cuta ce mai magani a asibiti, ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke ɗauka. A Zamfara a 2010, gubar dalma daga dutsen zinare da ake daka wa a cikin gidaje ta shiga ƙasa da ruwa, yara kusan 400 suka rasu. Ga kuɗin magani, ga 'yan mata da ke rasa makaranta saboda layin famfo.

Amma kada mu yanke ƙauna. Kurkunu ya taɓa kwantar da sama da mutum 650,000 a Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980. Da tace ruwa da ƙyalle da tsare tafkuna aka ci ƙarfinsa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa ƙasar ta rabu da shi. Mata a gidajensu ne suka riƙe wannan aiki.

ABIN DA UWARGIDA ZA TA YI

1. In ruwa ya yi laka, a bar shi ya kwanta ko a sa alif ko dakakken ƙwayar zogale, a tace da ƙyalle mai tsabta. Wannan laka kawai yake cirewa, sai an tafasa shi sosai ko an sa maganin ruwa irin su WaterGuard bisa ƙa'idar da ke jikin kwalbar.

2. A rufe randa. Muslim ya ruwaito daga Jabir (RA) umarnin rufe ƙwarya da ɗaure bakin salka da dare. A ware moɗar ɗiba mai mariƙi dabam da kofin sha.

3. A rataye guga, a yi wa rijiya baki da murfi.

4. Kashin yaro a zuba a shadda, a wanke hannu da sabulu ko toka bayan tsarki da kafin girki.

5. In gudawa ta kama yaro, a ba shi ORS. In babu, a haɗa lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin kada a tula. A ci gaba da ba shi nono, a garzaya asibiti.

6. Ruwan wankin shinkafa da na alwala a ba shuka, a tari ruwan indararo da damina bayan na farko ya wanke rufi.

7. Mu yi magana da mazajenmu cikin ladabi kan gyaran shadda da rijiya. A Islamiyya kuma mu kafa asusu, ko adashi ne, na gyaran famfon unguwa.

Da Sa'ad bin Ubada (RA) ya tambayi sadakar da ta fi don mahaifiyarsa da ta rasu, shayar da ruwa aka nuna masa. Sayyidina Usman (RA) ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi. Zubaida matar Halifa Haruna Rashid ta kashe dukiyarta ta kai wa alhazai ruwa a Makka, har yau ana ambaton sunanta. Wadda ba ta da halin haƙa rijiya, tsare wadda ake da ita daga ƙazanta ma lada ne.

TAMBAYOYIN BITA

1. Kawo dalilai uku da ke sa rijiyoyi ƙafewa da bazara.
2. Mene ne bambancin ruwan da ya halatta a yi alwala da shi da ruwan da ya dace a sha?
3. Taku nawa ne tsakanin shaddar gidanki da rijiyar da kuke sha?

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu da zuri'armu daga cututtuka, Ya shayar da mu daga tafkin Alkausara. Amin.